Ƙusa Marar Kai

Shekarar da wuyan hannuna na dama ya fara ciwo, ban gaya wa kowa ba sai matata. Ni kafinta ne a Gure, kuma na san garinmu. Ranar da aka ji hannun kafinta ya taɓu, za a cika masa atiliye, wato shagon aikinsa, da sannu, washegari kuma a kwashi katako a kai wa maƙwabcinsa. Da idona na ga an yi wa mutanen da suka fi ni iya aiki.

Ciwon ba na wasa ba ne. In na yini ina bugu, da yamma yatsuna su mutu, in ɗauki buta ta suɓuce. Da abin ya ishe ni na je likita. Majo, mai duba marasa lafiya, ya murɗa hannun, ya danna nan ya danna can, ya tambayi sana'ata. Da na faɗa masa sai ya ce, "To malam, jijiyar ta gaji. Zarto da sauƙi, gugar katako da sauƙi, amma bugun guduma shi ke cin ta. In ka ci gaba, wata rana yatsun nan za su kwanta su ƙi tashi." Na fito ina jin haushinsa kamar shi ya ɗora mini ciwon. Kafinta ba guduma? To in koma me, tallan goro a tasha?

A waya na fara ganin bindigar ƙusa. Wani kafinta na wata ƙasa ya ɗora bakinta kan katako, ya taɓa kunama, ƙusa ta shige, bai ko ɗaga kafaɗa ba. Na maimaita kallon har matata ta ce ko sabuwar amarya na samu a ciki. Daga nan na shiga bincike gadan-gadan, domin mutum irina ba ya sayen irin wannan abu sau biyu.

Iri uku na gano. Akwai mai aiki da injin iska. Ita ta fi sauƙi a hannu, amma tana jan tiyo a bayanta, injin kuma sai da lantarki. Wutar Gure kuwa sai ta ga dama, ga shi rabin aikina a ƙauye yake, Gamu, Kelle, wani lokaci har Alakoss. Akwai mai ɗan gwangwanin gas, wadda in gas ya ƙare sai ka naɗe hannu ka jira mai zuwa Kano. Sai mai batir zalla. Ta fi su nauyi, amma faifan sola na kan rufina ya ishe ta caji, don haka a kanta zuciyata ta tsaya.

Na sayar da ragunan da muke turke da su, na tafi Damagaram. Can na zaga shaguna, wani ya ce bai taɓa ji ba, wani ya fito mini da ta masu ɗinkin kujera yana rantsuwa ita ce. Na wuce Kano. A jakata akwai guntayen katako daga atiliyena, farin nan mai laushi da muke silin da shi, da jan maɗaci mai taurin kai.

Mai shagon da na samu ya so ya liƙa mini wata ƙatuwa ta masu kafa rufin gini, wai ita ce ta maza. Na ɗaga ta sama da kaina da hannun mai ciwo, nan take hannun ya gaza, na ajiye masa abarsa. Ya kawo wata mai ƙusa siririya kamar allura. A farin katako ta shige lafiya, a maɗaci ta lanƙwashe ta ɓullo ta gefe. Ya kawo wata mai karkataccen ciki, kyakkyawa, tana shiga kowane lungu. Na tambaye shi ina ake samun ƙusoshinta, ya ce ai yana da su. Na ce ban da kai fa? Sai ya hau duba waya. Na gane tarko ne, na ture ta gefe.

Wadda na ɗauka miƙaƙƙiya ce, mai matsakaiciyar ƙusa irin wadda na ga ana sayarwa a shago fiye da ɗaya. Tana da ɗan abin murzawa da ke sa ƙusa ta nutse daidai yadda kake so, da roba a baki don kada ta tabo katako. Abin da ya fi saye ni shi ne, in ƙusa ta maƙale, da yatsa ake buɗe bakin a cire, ba sai an nemo sifana ba. Duk wanda ya san yashin Gure ya san dole wata rana ta maƙale. Na haɗa da batir biyu da kwalayen ƙusa iya ƙarfina. Yini guda na yi a shagon nan, har mutumin ya daina yi mini murmushi.

Watannin farko na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Na yi silin na gidaje da shaguna da na wani aji a lekol, wato makarantar boko, na tashi aiki yatsuna da ransu, na yi barci ba tare da matata ta gasa mini hannu da ruwan zafi ba. Babu wanda ya ce uffan, domin babu mai hawa tsani ya duba ƙusar silin.

Sai yayata ta zo da maganar biki.

Yayar nan ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta kai ni koyon kafinta. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, babbar cikinsu malama ce a lekol ɗin Kelle, kuma can ta samu wanda take so, malami ɗan'uwanta. Yaya ta zauna kan bencina ta ce, "Auta, kayan ɗakin 'yarka a wuyanka suke. Ba ta da uba sai kai." Na ce ko ba ki faɗa ba, Yaya.

Na yi gado, na yi teburin madubi, na yi babban armuwar na zuba tufafi mai ƙofa uku, duk da maɗaci. Ban taɓa zuba hankalina a aiki kamar wannan ba. Ƙashin armuwar ɗin na fafe masa gurabe, katako ya shiga cikin katako, na sa gam, na ɗaure da sukuru ta ciki inda ido ba ya kaiwa. Falankan fuska da siraran katakon ado kuma bindiga ta kama su. Ƙusarta ba ta da kai, tana nutsewa ta bar ɗan rami kamar cizon sauro. Na kwaɓa garin katako da gam na cike ramukan, na goge, na shafa berni har mutum na ganin fuskarsa. In ka shafa hannu daga sama har ƙasa ba abin da zai tare ka. Amaryar ta zo hutun ƙarshen mako ta gani, ta rufe baki da mayafi, ta ce, "Kawu, wannan nawa ne?" Ta ɗauke shi hoto ta kowane gefe.

Da biki ya matso, gwaggwanninta suka zo ganin kaya, wato 'yan'uwan marigayi ubanta. Haka al'ada take, dangin uba sai sun ga abin da za a kai ɗakin 'yarsu, balle uban ba ya raye. Babbarsu tsohuwa ce mai ƙarfi, hajiya, irin matan da ba sa zama sai sun kakkaɓe wurin da kansu. Yayata ce ta rako su, muka gaisa, muka yi wushe da lale. Ba ta kalli ƙyallin ba, ba ta buɗe ƙofa ba. Yatsa ta ɗora a gefen armuwar ta bi shi a hankali har ƙasa, ta koma ɗaya gefen. Na san abin da take nema. A nan wurinmu da yatsa mata ke auna aikin kafinta. Kawunan ƙusa suke bi, in sun ji su a jere, manya, kusa da kusa, an yi aiki ke nan.

Ta juyo ta ce, "Malam kafinta, ina ƙusoshin?"

Na ce, "Suna ciki, Hajiya. Irin na zamani ne, ba su da kai."

"Ba su da kai."

"E, nutsewa suke."

Ta dubi ƙannenta, suka yi magana da Barbarci ƙasa-ƙasa, kamar ba a Gure aka haife ni ba. Na ji sarai abin da suka ce, wai manna shi aka yi. Raina ya ɓaci amma na daure. Na ɗauko bindigar, na haɗa guntayen katako biyu, na harba, na miƙa mata na ce ta raba su. Ba ta ko karɓa ba. Na zare ƙusa ɗaya daga jerin na nuna mata. Ta juya ta a tafin hannu ta ce, "Yo wannan ai ta ɗinkin hula ce." Na buɗe armuwar, na taka kantar ƙasa, na kama ta sama na yi lilo da dukan nauyina, ni magidanci da furfura a gemu, a gaban mata, kamar biri. Ko motsi bai yi ba.

Ta ce, "Sauko kada ka karye. Yau yana sabo, ai dole ya riƙe. Ka san hanyar Kelle, ka san yadda motar kamyo ke jijjiga kaya. Ka san rani in ya yi, katako na tsukewa. Mai kai in ta ɗago, ko da dutsen niƙa yarinya ta mayar da ita. Wannan taka in ta saki, me za ta buga? Ta ɗauko armuwar a ka ta kawo maka Gure?"

Ba zan ce maganarta wofi ba ce. Haka suka saba da kayan kasuwa, wanda ƙusa kaɗai ke riƙe da shi, kowace shekara sai an bi shi da dutse. Na fara yi mata bayanin gurabe da sukurun da ke ciki, cewa wannan ba ya buƙatar dutse. Ba ta bari na kai ƙarshe ba. Ta gyara mayafi ta dubi yayata, ba ni ba, ta ce, "Da ubanta na da rai, da ba a yi mata kayan gam ba. Amma marainiya, komai aka ba ta sai ta karɓa."

Na ga fuskar yayata ta canza. Matar da ta yi shekaru tana surfe da kitso don kada a ce 'ya'yan marigayi sun tagayyara, ita aka gaya wa wannan a gabana, a kan aikin da ya fi kowane aiki da na taɓa yi. Wallahi da namiji ne ya faɗa, da sai an raba mu.

Kafin la'asar magana ta zaga. Washegari na je teburin mai shayi, wani kafinta ya ce a ba mai gam shayi, aka kwashe da dariya. Wani mai shago da ya ba ni aikin kanta ya aiko a gaya mini shi fa ƙusa ta gaske yake so. Mutanen da suka kwana ƙarƙashin silin ɗina wata da watanni bai faɗo musu ba, su ne suka fara ɗaga kai suna dubansa.

Yaya ta dawo ita kaɗai da rana tsaka. Ta zauna, ni kuma ina ta gugar wani katako da ba ya buƙatar guga. Can ta ce, "Auta, ka buga musu ƙusoshin."

Na ce, "Ƙusa na ciki, Yaya."

"Na sani. Ni na yarda da kai. Ba don ya riƙe ba, don a gani."

Na ajiye abin hannuna na gaya mata abin da ban gaya wa kowa ba sai matata, maganar majo, da dalilin da ya sa na sayar da raguna na tafi Kano. Na zaci za ta firgita. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Matarka ta gaya mini tun tuni."

Wannan ya fi maganar tsohuwar yi mini zafi. Ta sani, kuma ta zo. Na ce, "Kin sani, kuma kike cewa in ɗauki guduma?"

Ta ce, "Yini ɗaya ne, Auta. Ni kuma in aka kai kayan nan haka, har in mutu ana faɗa. Yarinyar nan a cikinsu za ta zauna, ba a cikinmu ba. In ba za ka iya ba, ka kira wani ya buga."

In kira wa? A garin nan, in aka ga wani kafinta na buga ƙusa a atiliyena ina tsaye ina kallo, ai na yi shelar mutuwar hannuna da bakina. Ta san wannan ma. Na dube ta, matar da ta ɗauke ni a bayanta, na rasa bakin da zan ce mata a'a. Na ce ta je, zan yi.

Na yi niyyar yin dabara, in huda ƙananan ramuka da abin huji tukuna, yadda ƙusa za ta shiga da bugu kaɗan. Ashe tsohuwar ba ta gama da ni ba. Washegari da hantsi sai ga ta da tabarmarta da ƙannenta, ta shimfiɗa a inuwar ƙofata, wai ta zo taya ni hira. Da ta ga na ɗauko abin huji sai ta ce, "A'a. Ƙusar da aka haƙa wa rami ai ba ta kama komai ba. Buga ta ta nemi hanyarta." Na dubi yayata da ke gefen tabarmar, ta kawar da kai.

Na ɗauki guduma. Manyan ƙusoshi, maɗaci busasshe, ga berni mai santsi. Duk bugu ɗaya ina jin sa tun daga wuyan hannu har cikin haƙorana. Na bi gefen armuwar ina jera su kusa da kusa yadda yatsanta ke so, kowace ɗaya tana fasa ƙyallin da na yi kwanaki ina gogewa. Siririn katakon ado na saman ƙofar tsakiya ya tsage tun daga ƙusa ta biyu, domin ba a yi shi don irin wannan ƙusa ba. Na ji ƙarar tsagewar, na ci gaba. Da na zo kan gado yatsuna sun riga sun mutu, ban ƙara jin ƙotar gudumar ba, da ido kawai na san tana hannuna. Ta kuɓuce ta sauka kan fuskar allon gadon, ta bar tambarinta a inda kowa zai gani. Wata cikin ƙannen ta ce, "Ba komai, ai alamar an yi aiki ce."

Bindigar tana rataye a bango, batir cike, taku biyu daga inda nake tsaye.

Da na gama tsohuwar ta tashi ta bi jerin da yatsa, tana gyaɗa kai. Ta ce, "Yawwa. Yanzu ka yi aiki. Ashe ka iya, ƙyuya ce." Na shige ciki na bar su, domin in na buɗe baki a lokacin, bikin nan ba za a yi shi da ni ba.

Har yau in na tuna raina na tafasa. Ba wai don armuwar ba, katako ne, ana sake wani. Abin da ke ci na shi ne babu wanda ya yi mugunta a cikinsu da zan kama in tsana. Tsohuwar tana kare 'yar ɗan'uwanta ne da abin da ta sani, yayata tana kare mutuncinta, ni kuma hannuna aka yanka aka raba musu. Amaryar da ta ga kayan ranar lodi, ta ɗora yatsa kan tsagar nan ta daɗe, sannan ta ce, "Sannu, Kawu." Ba ta ɗauki hoto ba.

Aka kai kaya Kelle, aka yi jere, mata suka shiga suka fita suna yabo. Ni kuwa hannuna ya kumbura har ya haye agogo, na ɓoye shi cikin hannun babbar riga, ina gaisawa da mutane ina cije baki. Bayan ɗaurin aure aka fito da manyan kwanonin burabusko, maza suka kewaye. Na wanke hannu na zauna cikinsu, na kai hannu cikin kwano, yatsuna suka ƙi haɗuwa. Na gwada in dunƙula loma, ta warwatse. Na sake, ta warwatse. Na kusa da ni ya fara kallona. Da hagu ba a ci, balle a taro. Na ce cikina ne ba daɗi, na janye.

Ina zaune gindin wata bishiyar bedi sai aka ce Yaya na kirana. Na same ta a bayan darni, inda ba kowa, da ƙaramin kwano a rufe. Ta buɗe, ga burabusko da nama, ga cokali a soke a ciki. Ta ce, "Zauna ka ci nan, ba mai ganinka." Na zauna kan turmi, na sa cokalin tsakanin babban yatsa da tafin hannu, na fara ci kamar yaron goye. Tana tsaye tana kallon hannun, idonta ya kawo ruwa. Na ɗauka haƙuri za ta ba ni, har na fara shirya yadda zan ce mata ya wuce.

Ta ce, "Kowa ya yaba, Auta. Ka fitar da ni kunya, Allah ya fitar da kai." Ta shiga murza bakin zanenta. "Hajiya ta ce jikarta za a aurar bayan girbi. Irin wannan take so sak, da ƙusoshinsa. A gaban mutane ta faɗa."

Na tsayar da cokalin na ce, "Me kika ce mata?"

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Na ce mata to."